Shawara: Mashin ɗin marigayi Baba ya cinye min zaure, iyali da 'yan uwa sun taso ni a gaba

Wani bawan Allah ne ya turo min saƙon nan daga Tudun Wadar Zariya, malamin makaranta ne, ya ce a sakaya sunansa. Saƙon nasa dogo ne sosai sai da na rage shi. Ga abin da ya ce:

"Mahaifinmu ya rasu shekara 3 kenan, ya bar wani tsohon mashin Honda CD175 da ya saya da kuɗin Udoji (ƙarin albashin ma'aikata na zamanin Gowon), ya fi shekara 20 a jingine a sito ba wanda ya tayar da shi. Bara na ɗauko shi na kawo zaurena na fara gyara da kaina ina kallon bidiyo a YouTube. Na kashe kusan albashin wata 2. Yanzu in na buga kik yana tashi da cok (abin da ake ja ya rage wa injin iska don ya tashi da sanyi), amma ina sakin cok ɗin ko ya ɗan yi mintuna sai ya mutu. Wani bakanike ya ce in yar da injin a ɗora na China kowa ya huta. Iyalina ta ce zaure ya koma gareji, warin fetur har cikin ɗaki, kuɗin cefane kuma ya ragu. Ƙannena guda 2 da ba su taɓa waiwayar mashin ɗin ba yanzu sun ce ai kayan gado ne a sayar a raba. Ni wallahi ba don kuɗi nake yi ba, a kansa Baba ke kai ni makaranta ina zaune kan tanki. Ya zan yi?"

Toh ƙanena, Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma na lura kusan duk damuwarka tana kan mashin ɗin da ke mutuwa, alhali a cikin abubuwan da ka lissafo shi ne mafi sauƙi, aikin yini ɗaya ne ko biyu in Allah ya yarda. Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne maganar ƙannenka, don gaskiya suka faɗa ko da ba ta maka daɗi ba. Mashin ɗin nan har yanzu ba naka ba ne. Kana ta zuba albashi a kan dukiyar da Hajiya mahaifiyarku ke da tumuninta a ciki, in akwai abokiyar zamanta da Baba ya rasu ya bari ita ma a cikin tumunin nan take, ƙannenka maza kowa da kasonsa, mata ma da nasu, namiji rabon mace biyu kamar yadda kowa ya sani. Cewa ya yi shekara 20 a sito ɓeraye suna haihuwa a cikin kujerarsa bai fitar da shi daga gado ba, haka nan cewa kai ne ka fi kowa sonsa.

Kuma kada ka ɗauka mugunta ce ta sa suka farka yanzu. Ƙarar injin suka ji. Abin da suke wa kallon tarkacen da za a ba 'yan gwangwan a kan kilo sai ga shi ya yi tari ya tashi, dole ido ya dawo kansa, kuma ka sani ba kai kaɗai aka ɗora a kan tankin nan ba, su ma Babansu ne. Saboda haka ajiye sifana tukuna. Ka je wajen Hajiya ka fara da ita, ka ce kuskure ka yi da ka ɗauko ba ka nemi izini ba, kana so ka saya. Sannan a tara kowa, a kira mutum 2 da suka san tsofaffin mashina, ba abokanka ba, su yi masa kuɗi a kan yadda yake ranar da ka fito da shi daga sito, in kana da hoton ranar a waya ka nuna. Ka cire kasonka ka biya sauran ko da kaɗan kaɗan ne, a rubuta a takarda da shaidu. Wanda ya ce ya yafe maka nasa to ya faɗa da bakinsa a gaban mutane, kar babban yaya ya ce "mun yafe" a madadin ƙannai mata da ke gidan aure, su ne aka fi cinye wa haƙƙi a irin wannan da sunan kunya. In akwai ƙaramin da bai balaga ba kuwa, nasa ba mai ikon yafewa. Batun kuɗin da ka riga ka kashe ka kai wa malamin da ya raba muku sauran gadon ya duba, garin nan ba a rasa masana gado ba, amma ni a nawa ganin kar ka tsaya jayayya a kansa, ba wanda ya aike ka. Abin da ya sa nake cewa ka yi sauri, duk kwanan da mashin ɗin ya ƙara kyau kuɗinsa a idon 'yan uwanka ƙaruwa yake, ranar da ka fito da shi yana sheƙi ka bi ta Kofar Doka mutane suna waiwaye, ranar ba za ka iya sayensa ba.

Sai iyalinka. Ita ma ba ta yi ƙarya ba, kuma nan zan ba ka labarin kaina don kar ka ce ina maka wa'azi daga kan kujera. Ni ma ina da irin mashin ɗinka da wani Suzuki A100, kuma farkon da na fara wannan haukar a zaure nake yi kamar kai, ina wanke kaya da fetur a cikin kwano. Wata rana yarinyata ta ɗauko kurfoti da garwashi za ta kai maƙota, ta ratso ta zauren, Allah ne kawai ya tsare na daka mata tsawa tun tana bakin ƙofa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa ƙasa yake bi yana rarrafe, ba sai wuta ta taɓa kwanon ba. Tun ranar na daina wanki da fetur, kananzir nake sawa ko gas na mota, kuma na bar zauren gaba ɗaya na kafa 'yar rumfa ta kwano a gefen tsakar gida inda iska ke ratsawa. Zaure hanya ce, baƙi nan suke zama, mata nan suke wucewa da mayafansu, almajiri nan yake tsayawa, ba wurin baza fistin ba ne. In ba ka da fili to ka matsar da shi lungu ɗaya, ka sa faranti a ƙarƙashin injin, ka sami akwatin ƙarfe mai kwaɗo ka riƙa kulle komai in ka tashi. Kar ka tayar da shi a rufaffen wuri, hayaƙinsa da na janareta duk ɗaya ne, mun sha jin yadda yake kwantar da gida guda cikin dare. Kuma don Allah, fetur ko kananzir ko ruwan batir kar ka zuba a gorar lemo ko ta ruwa, yaro ba ya tambaya kafin ya kai baki. Baƙin man da ka juye ma kar ya shiga kwata, tara shi a jarka, masu katako da masu buga bulo suna karɓa.

Maganar kuɗin cefane kuwa babu wani zagaye zagaye, ka yi laifi. Ka zauna da ita ka faɗa mata abin da mashin ɗin yake a zuciyarka kamar yadda ka faɗa min, inaga ba ka taɓa ba ta labarin zaman kan tankin nan ba, mu maza mun iya ɓoye irin wannan sai mu bar mace tana ganin ƙarfe kawai muke bauta wa. Ku yanka abin da za ka riƙa kashewa duk wata bayan an cire na abinci da na makaranta, in ya ƙare ya ƙare sai wani watan, mashin ɗin da ya jira shekara 20 ba zai gagara jiran albashi ba. Rana ma ka ware, ni Asabar da safe nake nawa zuwa azahar. In ka samu ya tashi lafiya, ita za ka fara ɗauka, ko zuwa gidansu ne.

Yanzu mu zo kan bakaniken da ya ce a ɗora injin China. Ba mugu ba ne, shi aikinsa ya sa mashin ya tashi yau ya karɓi kuɗinsa, kuma yawancin yaran da ke gareji yanzu a kan Jincheng da Boxer da roba-roba suka koyi aiki, ba su taɓa ganin kwantak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don fulogi ya ba da wuta, ba balle su saita shi. Amma ka ce masa a'a. Za a yanke firam a yi walda don injin ya zauna, lambar injin ta saɓa da ta takarda, a canja wayarin gaba ɗaya, ƙarshe ka tashi da abin da ba Honda ba ba Jincheng ba, garin neman gira a rasa ido. Injin nan shi ne mashin ɗin. CD175 daga 1967 zuwa 1979 aka yi ta ƙera shi, silinda 2 ne, 174cc, giya 4, kafireta ɗaya tak ke ciyar da duka biyun, fistin ɗin kuma tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa yake wannan ƙarar mai taushi da duk wanda ya tashi a Zariya a shekarun nan zai gane ta ko daga bayan katanga. Lokacin da aka biya ariyas ɗin Udoji a farkon 1975 zamanin Gowon, ma'aikata da malaman makaranta da 'yan reluwe irinsa da Vespa da Suzuki suka yi ta saya, ya zama alamar mutum ya kama ƙasa. Ba a yi shi don gudu ba, an yi shi ne don ya daɗe, kuma mashin ɗin da ya yi shekara 20 a ajiye ya tashi da kik ai ya gama ba ka amsa, injinsa da ransa. In abin hawan zuwa aiki kake nema kullum wannan daban, tara kuɗi ka sayi na zamani.

Ciwon da ka kwatanta, ya tashi da cok ya mutu in an sake shi, kusan kullum ma'anarsa mai ba ya isa a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a murɗa totur ba. Fetur in ya daɗe a kafireta bushewa yake ya bar wani danƙo kamar ƙaro, kuma wurin da ya fara toshewa shi ne ƙaramin jet ɗin silo don raminsa bai kai kaurin allura ba. Na san za ka ce ai ka wanke kafireta, kowa haka yake cewa, an buɗe kwanon ƙasa an ɗauraye an mayar. Kwance ta gaba ɗaya, fito da jet ɗin duka, babba da ƙarami, da sukurun iska, ka ƙirga zagaye nawa ka juya shi ciki kafin ya tsaya don ka mayar da shi yadda yake. Jiƙa ƙarafan a maganin wanke kafireta, roba kar ta shiga, ka fesa ta kowace ƙofa sai ka ga ya fito ta wani gefen, ka je wajen mai faci ya hura maka iska. Ka ɗaga jet ɗin saitin rana, in ba ka ga haske zagaye tas ba bai fita ba. Kar ka soka masa allura ko wayar birki, tagulla ce mai laushi, kana faɗaɗa ramin shikenan mashin ya koma shan mai da baƙin fulogi har abada. In dole ne sai an zura wani abu, silin waya ɗaya na cikin wayar wuta ya isa. Duba fulot ɗin ma, girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Sannan wuyan da ya haɗa kafireta da injin, in gasket ɗinsa ya bushe ko ya tsage iska na shiga ta nan, alamar iri ɗaya ce sak.

Amma wanke kafireta aikin banza ne in tanki na da tsatsa, gobe za ta sake toshewa. Haska tocila ka leƙa. In ka ga ja, sauke tankin, cire famfon mai na ƙasa ka wanke 'yar ragarsa, zuba kananzir da notina kamar cikin hannu guda, ka ƙirga su kafin ka zuba, ka yi ta girgizawa har hannunka ya gaji, juye, maimaita. Wasu suna cika shi da ruwan kal ya kwana biyu, yana ci sosai, sai dai in ka juye dole ka ɗauraye ka busar a take a rana ka zuba mai, in ba haka ba kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito. Sa sabon tiyo da 'yar filtar mai a tsakani. In tankin ya huje kar ka yarda mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi da ruwa da omo sau da yawa warin ya fita gaba ɗaya, tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke haɗari.

Ɗaya alamar da ka faɗa, wato ya yi mintuna sannan ya mutu, tana iya zama wani abin daban. Ka gwada wannan, kyauta ne: da zarar ya mutu buɗe murfin tanki, in ka ji ya ja iska "fuss" kuma ya tashi nan take, to ƙaramin ramin numfashi na murfin ne ya toshe, mai ya kasa sauka. In ba shi ba ne sai ka koma wuta. Mashin ɗinka 6 volt ne, kuma wutar fulogi daga batir take zuwa ta koyil, batir in ya yi sanyi mashin zai yi ta shure shure ya mutu. Kar wani ya ce maka a sa na 12 volt ai ya fi ƙarfi, ƙwayayen fitila za su ƙone koyil ya bi su. Ka nemi 6 volt, ana samu. Ka duba ko yana caji, tsohuwar rektifayar da suka zo da ita tana gajiya da shekaru kuma ana musanya ta da ta zamani ba tare da an taɓa komai ba. Kwandensa ma in ta tsufa haka take, da sanyi lafiya, ta ɗau zafi ta yanke wuta, in ka ga tartsatsi mai yawa a bakin kwantak lokacin da injin ke aiki ita ce. Wuraren da waya ta kama jikin firam duk ka kwance ka goge da samfefa, a 6 volt 'yar tsatsa kaɗan ta isa ta cinye wutar.

Ka sayi fila gej, wato 'yan siraran ƙarafan auna tazara, ba tsada, shi ne bambancin mai gyara da mai lalube. Bakin kwantak in ya buɗe iyakarsa 0.3 zuwa 0.4 na milimita, fulogi 0.6 zuwa 0.7, tafet, wato tazarar bawul, 0.05 kuma injin na sanyi ake saita shi, wato da safe kafin a tayar. A jikin magnetonsa akwai alamar T da F, T ta saita tafet ce, F kuma daidai nan kwantak zai fara buɗewa. Makanikai da yawa da kunne suke yi, su matse tafet har sai ƙara ta ɗauke wai ya yi shiru, alhali tafet mai 'yar ƙara ya fi wanda aka shaƙe, wanda aka shaƙe bawul yake ƙonawa. Ka nemi littafin gyaransa a intanet ka sauke a waya, akwai shi, ko turancin ya yi maka nauyi hotuna da lambobin sun isa, balle kai malami ne.

Kar ka buɗe cikin injin don kawai a bidiyo ka ga ana buɗewa. In yana da matsi a kik, ba ya ƙwanƙwasa, ba ya zubo shuɗin hayaƙi bayan ya yi zafi, bar shi. Ɗan hayaƙi a kwanakin farko ba komai ba ne, ringin da ya daɗe a kwance yakan saki da kansa. In ma ta kama sai an yi borin, wato faɗaɗa ramin silinda, a auna tukuna, fistin ɗinsa milimita 52 ne kuma mataki mataki ake ƙarawa, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, ka fara samo fistin ɗin a hannu kafin a taɓa silinda, kar a tsallake zuwa na ƙarshe, daga shi babu wani. Abin da ke kashe injinan nan baƙin mai ne. Ba su da filtar takarda irin ta mota, wani ɗan kofi ne a gefen dama da ke juyawa yana tara datti a jikinsa, na taɓa buɗe wani na tarar da shi cike da laka kamar an kwaɓa ƙasar gini, mai shi bai ma san da shi ba. Buɗe ka kankare. Mai kusan lita 1.5 yake ci, shi ne kuma yake wanke kuloci da giya, don haka ka sa na mashin wanda aka rubuta JASO MA a jiki, wasu mayukan motar zamani suna sa kuloci santsi. Juye na farko bayan 'yan kwanaki don ya kwaso dattin shekaru, daga nan ni dai ba na wuce kilomita 1,500, in ban hau sosai ba kuma duk wata 6. Mai na awo da ake zubawa a kwalba a bakin titi kar ya shiga injin Baba.

Wani abu da ya ci min sukurori da yawa kafin in gane, sukurorin mashinan Japan masu kan gicciye ba irin na sukudireban kasuwa ba ne, nasu ma'aunin daban ne ana ce masa JIS, shi ya sa sukudireba ke zamewa ya cinye kan. Ka nemi na JIS ko ka sayi irin wanda ake buga wa guduma yana juyawa. Murfin gefen injin kuma sukurorinsa tsawonsu ba ɗaya ba, zana hoton murfin a kwali ka huda ka riƙa soka kowanne a gurbinsa. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto, ƙananan kaya a gwangwanin madara da rubutu, kuma kar ka kwance wuri biyu a lokaci ɗaya, mashin ɗin da aka zuba a buhu uku yawanci a buhun yake ƙarewa. Jikin injin alminiyon ne, ba a sa wa sifana bututu a hau kai, fulogi da hannu ake fara ɗaura shi. Ni na taɓa cinye zaren ramin fulogi saboda gaggawar in kai sallar Juma'a a kansa, wata guda ina neman wanda zai gyara min.

Kayan gyara ka fara da Sabon Gari, amma ba shagunan gaba masu kwalaye masu ƙyalli ba, tambaya za ka yi ina dattawan da suka yi gyaran Honda da Vespa a da, wasunsu suna nan sun koma gefe, kuma za ka sha mamakin abin da ke cikin tsofaffin akwatunansu. Ka je da ladabi, ka gaishe su, ka biya su ko shawara suka ba ka, awa ɗaya a gaban irinsu ta fi bidiyo 20. In ba a samu ba sai Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano. Kullum ka tafi da tsohon a hannu ka gwada, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne", kuma kar ka yar da na asali ko ka sa sabo, sau da yawa tsohon na Japan in an wanke shi ya fi sabon da ke cikin leda. In ka ji labarin wani mataccen CD175 a wani gida ko wajen 'yan gwangwan, in kuɗin wata ya isa ka saye shi ka ajiye, shi ne shagonka na shekara 10.

Kafin ka hau titi, taya da birki. Taya ko zanenta bai cinye ba in ta tsufa ta zama katako. Duba lambobi 4 na ƙarshe a jikinta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in lamba 3 ka gani to tun kafin 2000 aka yi ta. Canja duka da tub. Takalmin birki na da yakan ɓamɓare daga jikin ƙarfensa ya cije taya ana cikin tafiya, ka yi tunanin hakan a Kwangila tsakanin tireloli. Canja shi, kuma ƙurar cikin kwanon birkin kar ka hura da baki, na da akwai asbestos a ciki mai illa ga huhu, jiƙa tsumma ka goge. Wayar birki da ta kuloci da ta totur sababbi, sarƙa a buɗe gidanta a duba. Takardun ma ka sabunta su da sunanka bayan an gama maganar gado, takardar da kuka sa wa hannu za ta yi maka amfani a nan.

Fenti kuwa ni ban goyi baya ba, ko da yake wannan ra'ayina ne. Ka wanke, ka goge da man goge fenti, kurom ɗin ka bi shi da takardar alminiyon ta girki da ɗan ruwa tsatsar sama za ta fita. Wurin da gwiwar Baba ta goge a jikin tanki in ka fesa masa sabon fenti ka shafe shi kenan, kuma mai fentin da zai dawo maka da kalar asali da wuya ka same shi. In hunturu ya shigo ka riƙa duba filtar iska akai akai kuma kar ka bar injin a buɗe ko na dare ɗaya, ƙurar Zariya ka san ta. Da damina ka ɗora shi a kan babban jaki, ƙarƙashin rumfa, ka rufe da tsohon zanin gado ba leda ba, leda gumi take tarawa. Ka riƙa hawansa ko sau ɗaya a sati, tafiyar da zai yi zafi sosai kamar daga Tudun Wada zuwa Samaru ka dawo, tayarwa a tsaye na minti 2 ba ta da amfani, in ka dawo ka rufe famfon mai. In kuma ka san zai yi wata ba a hau ba, juye man cikin kafireta ta sukurun ƙasa.

Ranar Asabar ɗin nan dai ba kafireta za ka taɓa ba, gidan Hajiya za ka. In kun gama ka sake rubuto min, ka haɗo da hoton fulogin duka biyu bayan ya yi aiki, in ga kalarsu.